Kafin a Jona Taransifoma: Gwajin da Ɗokin Wuta Ke Sa a Tsallake

Unguwar da ta shafe watanni a cikin duhu ba ta son dogon turanci. Ranar da mota ta sauke taransifoma a kan dakalinta, yara na tsalle, mai walda da mai injin markaɗe da mai sayar da ƙanƙara kowa ya fara lissafin abin da zai mayar. 'Yan kwamitin da suka bi gida-gida suna karɓar karo-karo kuwa so suke wuta ta kama yau-yau, su huta da zargin cin kuɗin jama'a. In ɗan majalisa ne ya kawo ta, to an riga an buga fosta, an sa ranar buɗewa. A irin wannan yanayi, duk ma'aikacin da ya ce a dakata kwana ɗaya ko biyu a yi gwaji, kallon mai neman na goro ake yi masa. Sai ka ga dattijo ya matso ya dafa kafaɗarsa yana cewa, "Injiniya, don Allah a jona mana yau, gwajin a yi shi daga baya."

Gwajin nan kuwa ba ya yiwuwa daga baya. Kusan dukkansa sai taransifoma tana kashe, ba a haɗa ta da komai ba, ake iya yin sa. Da zarar bolt 11,000 ya shiga cikinta, in akwai aibi wutar ce da kanta za ta nemo shi, kuma da ƙara da hayaƙi da tafasasshen mai take sanarwa. Miliyoyin da aka tara sun tafi, unguwa ta koma duhun da ta fito, wani lokacin ma har da rai. Abin da ya fi damuna shi ne, mutanen da ke matsa wa ma'aikaci lamba su ne za su fi kowa asara, kuma da sun san abin da ake dubawa da dalilin duba shi, da su ne za su tsaya kai da fata sai an yi.

Abin da ke cikin tankin

Taransifomar unguwa ba ta da wani abu mai juyawa a cikinta. Naɗin waya ne iri biyu a jikin tarin siraran faifan ƙarfe. Naɗi na farko na karɓar wuta daga babban layi, bolt 11,000 ko 33,000 a Najeriya, na biyun kuma na fitar da bolt 415 tsakanin layi da layi, wanda ke zama kusan 240 a soket ɗin gida. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna yadda wuta ke tsallakawa daga naɗi zuwa naɗi ta hanyar maganaɗisu, kuma a 1885 injiniyoyin kamfanin Ganz na birnin Budapest suka fito da irin wadda ta zama kakar waɗanda muke gani a bakin titi.

Abin da ke hana wannan wuta mai ƙarfi tsallakawa inda bai kamata ba abu biyu ne kacal: takarda da mai. Takarda ce mai ƙwari da ake naɗe wayoyin da ita, sai man da aka nutsar da komai a ciki, wanda ke ƙara wa takardar kariya, yana kuma kwashe zafi ya kai shi ga fikafikan ƙarfen da ke jikin tanki. Babban abokin gabar su biyun shi ne danshi. Yadda danshi ke shiga buhun hatsi ya ɓata shi alhali buhun na nan ƙalau daga waje, haka yake yi wa taransifoma. Wadda ta yi damina biyu a ajiye a harabar sakatariya tana jiran ranar rabo za ta iya zuwa da fentinta yana sheƙi, cikinta kuwa ya sha ruwa.

Kuma ba kowace "sabuwa" ce sabuwa ba. Akwai wadda ta taɓa ƙonewa aka sake mata naɗi aka fesa fenti. Akwai ta gwanjo da aka shigo da ita daga waje. Akwai wadda ɓarayi suka zuƙe wa mai tun tana ajiye, aka cike gurbin da abin da Allah kaɗai ya sani. Ko wadda ta fito daga masana'anta jiya, ta sha jijjiga a ramukan hanya, an ɗaga ta da sarƙa an dire.

Wa ke da alhakin gwaji?

A dokance, ba ɗan kwangila ne ke da ta cewa ta ƙarshe ba, ba kuma kwamitin unguwa ba. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita aka ɗora wa duba kayan lantarki da gwada su da ba da takardar shaida kafin a sa musu wuta, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta bar mata wannan aiki. Kamfanin rarraba wuta na yankin, KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kabi, na Jos ko na Yola a nasu jihohin, shi ke da layin, shi kaɗai ke da ikon kashe shi da kunna shi. Hukumar NERC kuma ta sha nanata cewa sayen taransifoma da gyaranta nauyin kamfanin ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba, kuma in jama'a za su sa kuɗinsu, to a yi rubutacciyar yarjejeniyar yadda za a mayar musu. Kowa ya san yadda abin yake a zahiri: unguwanni na ci gaba da saye da kuɗinsu saboda sun gaji da jira. To ko ba komai, wanda ya cire kuɗi daga bakin 'ya'yansa ya sayi kaya yana da haƙƙin ganin sakamakon gwajinsa a rubuce.

Kafin hannu ya taɓa ƙarfe

Ma'aikatan lantarki a ko'ina suna da ƙa'ida mai hawa biyar: a raba wurin aiki da wuta ta kowane ɓangare, a kulle yadda wani ba zai mayar ba, a gwada a tabbatar babu wuta, a ɗaure layukan da wayar ƙasa, sannan a killace duk abin da ke kusa mai ɗauke da wuta. A kan wannan ake ba shugaban aiki takardar izini daga ofishin da ke kula da layin. Cewa "ai an ɗauke wuta tun safe" ba izini ba ne. Wutar da aka ɗauke ba da saninka ba za a iya maido ta ba da saninka ba.

A garuruwanmu akwai wani haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. In aka ba ta bolt 11,000 ta sama za ta fitar da 415 ta ƙasa, in kuma aka ba ta 415 ta ƙasa za ta fitar da 11,000 ta sama. Gida ɗaya da ya tada janareta ko ya kunna inbata ba tare da ya raba kansa da layin NEPA ba ya isa ya mayar da wuta cikin wayoyin unguwa, ta bi ta taransifoma ta hau sama, ta sami mutumin da ke kan tsani yana da tabbacin an kashe layi. Shi ya sa ake zare fis ɗin ɓangaren gidaje gaba ɗaya, ake kuma ɗaure wayar ƙasa a ɓangarorin biyu, ba na sama kaɗai ba.

Ido ne ma'auni na farko

Akwai ƙaramin farantin ƙarfe a jikin kowace taransifoma, kuma daga nan ake farawa. Girmanta nawa ne, kVA 300 ko 500? Ta layin 11,000 ce ko ta 33,000? In aka ɗora ta 33,000 a layin 11,000, sulusin wuta za ta bayar, in aka yi akasin haka kuwa ba za ta ɗauki daƙiƙa ba. Ta gwanjon da aka ƙera don Amurka, inda wuta ke bugawa sau 60 a daƙiƙa, za ta riƙa zafi da gurnani a layinmu mai bugu 50. Ana duba tsarin haɗin naɗinta, wanda a nan galibi Dyn11 ne, sannan a gwama lambarta da wadda ke kan takardar gwajin masana'anta. Farantin da aka kankare ko aka sake bugawa dalili ne na tsayar da aiki nan take.

Daga nan sai a zagaye ta a hankali. Tangaran ɗin da wayoyi ke fitowa ta cikinsu, ko akwai tsagewa ko ɓantarewa? Tsaga mai sirantar gashi ta isa ta tara ƙurar hunturu, ranar da raɓa ko ruwan farko ya sauka wuta ta bi ta kai. Ana shafa ƙasan tanki da bakin famfon mai da wuraren walda a ga ko akwai naso. Ana duba madubin da ke nuna matakin mai. In mai ƙaramin tanki ce a sama, tana da wata kwalba da take shaƙar iska ta cikinta duk lokacin da mai ya kumbura da zafin rana ya kuma janye da sanyin dare. A cikin kwalbar akwai ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. Shuɗi ne launinsu in suna da kyau, in sun koma ruwan hoda sun ƙoshi, sai an canza ko an gasa su. Wasu na zamani ruwan lemo ne, su kuma kore suke komawa ko su koɗe. A gindin kwalbar akwai ɗan kofin mai da ke tare ƙura, kuma sau da yawa a bushe ake samun sa, ko a tarar ba a ma cire toshiyar da aka sa don tafiya ba.

Mega da kwalbar mai

Na'urar da ma'aikata ke kira mega ita ce ke faɗin lafiyar takarda. Ana cire duk kebul da masu kamun tsawa, a raba nutural da ƙasa, a goge tangaran da busasshen ƙyalle. Sai a maƙala waya ɗaya a naɗin sama, ɗaya a jikin tanki, kowa ya ja baya, a danna. Na'urar na tura bolt 2,500 ko 5,000, tana auna 'yar wutar da ke sulalewa ta cikin takarda da mai. Mai gwajin na riƙe da agogo. A taransifoma mai lafiya lambar na fara hawa, ta ci gaba da hawa har minti ɗaya ya cika, ta kai ɗaruruwa ko dubban megom. A wadda ta sha danshi lambar na tsayawa a ƙasa ta ƙi motsi, ko ta riƙa rawa. Ana maimaitawa tsakanin naɗin ƙasa da tanki da wuta mara ƙarfi sosai, sannan tsakanin naɗin biyu.

Dole a rubuta zafin mai tare da lambar, domin duk ƙarin zafin digiri 10 na rage ta da kusan rabi. Awon da aka yi da azahar a watan Afrilu a Sakkwato ba za a ajiye shi kusa da na masana'anta ba sai an daidaita lissafin, in ba haka ba a yi wa mai lafiya ƙazafi. Bayan an gama kuma ba a kai hannu nan da nan. Naɗin na riƙe cajin da mega ta zuba masa, sai an sauke shi ƙasa da waya.

Gwajin mai ya fi kowanne buƙatar tsafta. Daga famfon ƙasa ake ɗiba, saboda ruwa ya fi mai nauyi, can yake kwanciya. Ana goge bakin famfon, a bar na farko ya zuba a wani mazubi, sannan a tara a busasshiyar kwalbar gilashi a rufe. Gorar ruwan da aka tsinta a gefen titi aka girgije ba ta yi, haka ɗiba ana yayyafi ko ana iska mai ƙura. Man mai kyau garai-garai yake, fari ko mai ɗan ruwan ɗorawa. In ya yi duhu, ko ya yi hazo, ko yana ƙauri, ya riga ya ba da rabin labarinsa.

A cikin na'urar gwajin akwai ƙaramin kofi da ƙarafa biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu milimita 2.5. Ana zuba man, a bar kumfa ta kwanta, a rufe murfi. Wuta na hawa a hankali, bolt 2,000 kowace daƙiƙa, ba abin da kake ji sai ɗan zuuu, can sai ƙyas, shuɗin tartsatsi ya tsallaka, na'ura ta tsaya. Sau shida ake yi a ɗauki matsakaici. Ƙa'idar hukumar IEC ta duniya ta ce sabon mai kada ya gaza bolt 30,000 tun kafin a tace shi, bayan tacewa ya kai 70,000, wanda aka zuba a sabuwar taransifoma kuma ana sa ran ya haura 55,000 kafin a kunna ta. Man da ya faɗi ƙasa da 30,000 ba a sa masa wuta. Canza shi kawai ma ba ya wadatarwa, don mafi yawan ruwan a cikin takarda yake maƙale, zai sake fitowa ya ɓata sabon. Sai an kawo injin da ke zagaya man da zafi yana busar da shi, ko a mayar da ita wurin gyara a gasa naɗin.

Dalilin wannan tsanani shi ne abin da ke faruwa in wuta ta tsallaka a cikin mai. Tartsatsin na farfasa man ya zama iskar gas mai kamawa, tanki ya kumbura cikin ƙiftawar ido, murfi ya tashi, mai ya watsu yana ci da wuta. Tsofaffin taransifomomi kuma wasu na ɗauke da sinadarin PCB, guba mai daɗewa a jiki da ƙasa, wadda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta ce a kawar da ita. Mai sayen man da aka sato daga taransifoma don shafawa ko suya ya san da wannan.

Rabon naɗi da makunnin daidaita wuta

Wannan gwaji na tona asirin wadda aka sake wa naɗi da ganganci. Ana ba ɓangaren sama ƙaramar wuta a auna abin da ke fita ta ƙasa. In an ba ta bolt 415 ta sama, mai 11,000 zuwa 415 za ta fitar da kusan bolt 15.7 tsakanin layi da layi, kuma layukan uku su zo daidai. Kuskuren da aka yarda da shi rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Ta sama ake bayarwa, har abada ba ta ƙasa ba, saboda dalilin da ya gabata. Ana kuma auna juriyar wayar kowane naɗi. Layin da ya bambanta da 'yan uwansa da fiye da kashi biyu cikin ɗari na nuna sakwarkwataccen haɗi ko wayar da aka yi wa ƙwange.

A saman tanki akwai wani makunni mai matsayi biyar, kowane mataki na ƙara ko rage wuta da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Ana gwada kowane matsayi, a ajiye shi inda ya dace da ƙarfin layin wurin, a kulle. Ba a taɓa shi taransifoma na kunne. Mai ƙaramin sani da ya hau ya murɗa shi da dare don an yi kukan wuta ba ƙarfi, tartsatsi zai tayar a cikin mai, fuskarsa kuma na saman murfin.

Ramin at

In za a ha'inci unguwa, a ramin at, wato inda ake haɗa kayan wuta da ƙasa, aka fi yi, saboda aikin a binne yake, ba mai ganinsa. Ga shi kuwa shi ne ya fi shafar rayukan waɗanda ba su san komai game da lantarki ba. Jikin tanki, akwatin rarraba wuta da ake kira fida-fila, shingen ƙarfe, masu kamun tsawa, da wayar nutural, duk sai an ba su hanya mai sauƙi zuwa cikin ƙasa. In hanyar na da kyau, ranar da wuta ta taɓa tanki za ta kwarara da ƙarfin da zai tsinka fis nan take. In ba ta da kyau, fis ba zai ji komai ba, tanki da shinge za su zauna ɗauke da wuta suna jiran hannun yaro ko hancin akuya. Ƙasar da ke kewaye ma na ɗauka, har tazarar da ke tsakanin ƙafafun mai tafiya ta isa wuta ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Amfanin tsakuwar da ake zubawa a cikin shinge ke nan, ba ado ba ce.

Ana auna ramin da na'ura mai ƙusoshi biyu. Ɗaya ana kafa ta nesa, ɗayar a kusan kashi 62 cikin ɗari na wannan tazarar, sai a karanta juriyar ƙasa. Om kaɗan ake nema, iya ƙanƙantarsa iya kyansa. Samun haka a rairayin Daura ko Gumel ko a tsandaurin da marmara ke kusa da sama ba wasa ba ne. Sanda ɗaya ba ta isa, sai an kafa da yawa da tazara a tsakaninsu, an nutsa su har inda ƙasa ke da sanyi, an ɗaure su da jan ƙarfe mai kauri. Gawayi da gishirin da aka saba zubawa na saukar da lambar a ranar, amma gishiri na narkewa ya bi ruwa, kafin nan kuma ya ci ƙarfen. Yumɓun bentonait ya fi daɗewa da riƙe danshi. Akwai kuma masu tuttula jarkokin ruwa a ramin da asuba kafin mai dubawa ya iso. Wannan cin amana ne, domin lambar da za a rubuta ta safiyar ce kawai, mutane kuwa shekaru za su yi suna wucewa ta wurin.

Wayar nutural na da nata bala'in. In ta kwance ko ɓarawon jan ƙarfe ya yanke ta, wuta ba ta ɗaukewa, rikicewa take yi. Gidajen wani layin su ga ƙwai ya dushe, na wani layin kuma wuta ta haura ta doshi 415, talabijin da firji da caja su ƙone a tare. Abin da ya fi haka muni shi ne babbar wuta ta shiga wayoyin gidaje. Mutanen Gwargwaje a Zariya sun ga haka a watan Satumban 2023, lokacin da babban layi ya faɗo kan ƙarami cikin dare, aka rasa rayuka a cikin gidaje. Ba sabuwar taransifoma ce sanadi a can ba, amma irin wannan daren ne ake haƙa ramin at dominsa, ake kuma zaɓen fis daidai dominsa.

Taransifoma mai kVA 500 na jan kusan amfiya 26 ta ɓangaren 11,000, tana ba da kusan 695 ta ɓangaren gidaje. Fis ɗinta na sama da na ƙasa da waɗannan lambobi ake zaɓen su. Ɗaura wayar jan ƙarfe a madadin fis, don a huta da yawan tsinkewa, cire mata mai gadi ne gaba ɗaya. Masu kamun tsawa guda uku kuma su zauna kusa da ita, da gajeriyar waya miƙaƙƙiya zuwa ƙasa, don hadarin farkon damina ba ya sallama.

Sa'ar kunnawa

Taransifomar da aka yi tafiya da ita ko aka ƙara wa mai ana barin ta ta huta, galibi kwana guda, kumfar iska ta taso a fitar da ita. Kumfa ba ta da juriyar mai, a cikinta tartsatsi ke farawa. Ranar kunnawa ana ƙirga kayan aiki, kada a manta sifana a kan murfi. Ana kwance wayoyin ƙasa na wucin gadi, a ƙirga su ma. Shugaban aiki ya kira sunan kowa ya ga fuskarsa, sannan ya mayar da takardar izini. Fis ɗin gidaje duk a zare. Jama'a kuma a kora su nesa, ba bakin shinge ba, ko da kuwa babban baƙo ne mai son a ɗauke shi hoto.

Mutum ɗaya ne ke matsawa, da hular kwano da takalmi da tabarau, da safar roba wadda aka yi don wannan wutar. Mai aji na biyu na ɗaukar har bolt 17,000, layin 33,000 kuwa sai mai aji na huɗu. Kafin ya sa, yana naɗe bakinta ya matse iska a ciki ya saurara ko tana tsiyaya. Sai ya ɗaga doguwar sandar da ba ta ɗaukar wuta, ya saƙala zoben fis, ya kai shi kusa, ya kawar da fuska, ya tura da bugu ɗaya ba tare da ɗar-ɗar ba. Hannu mai rawa shi ke jawo tartsatsi. Haka zai yi wa na biyu da na uku ba tare da jinkiri ba. A daƙiƙar farko taransifoma na zuƙar wutar da ta ninka ta ƙa'ida sau takwas zuwa goma sha biyu, ka ji ta yi gum, sannan ta koma wani gunji siriri mai ɗorewa. Wannan lafiya ce. Ƙarar tas-tas, ko sautin tafasa, ko ƙauri, a kashe.

In fis ya tsinke a bugun farko, a nan ake gane ma'aikacin kirki. Jama'a za su yi caa, a ce fis ɗin ne ba shi da kyau, a sa mai kauri a sake. Sake turawa ba tare da an koma kan mega ba shi ne ke mayar da ƙaramin aibin da za a iya gyarawa ya zama gobara.

In ta zauna lafiya, ana auna wutar a fida-fila: kusan 415 tsakanin kowane layi biyu, kusan 240 tsakanin kowane layi da nutural. Ana duba jerin layukan uku, ja da rawaya da shuɗi, domin in an juya biyu, injin niƙa da famfon burtsatse baya-baya za su riƙa juyawa. Sannan a bar ta tana kunne ba kaya, awa 24 in da hali, ana leƙa zafinta da matakin mai. Wannan ne jiran da ya fi ci wa mutane rai, suna jin gunjinta amma gidajensu duhu. Amfaninsa shi ne, in akwai raunin da gwaji bai kama ba, ya bayyana lokacin da ba ta haɗe da ɗakin kowa.

Kaya kuma layi-layi ake ɗora mata, domin unguwar da ta daɗe ba wuta kowane makunni a kunne yake. Awon gaskiya sai bayan magariba, lokacin da fanka da firji da risho na lantarki suka haɗu. In layi ɗaya na ɗauke da amfiya 600 wani na ɗauke da 250, sai an sake raba gidajen, don naɗin da aka danne zai ƙone ko da jimillar ba ta kai iyaka ba. Ƙa'idar da ake ƙera yawancinsu a kai ta ɗauka zafin gari ba zai wuce digiri 40 ba, Maiduguri da Sakkwato kuwa na haura haka a bazara. Bayan wurin da ya fi zafi a naɗin ya kai digiri 98, duk ƙarin digiri 6 na ninka saurin tsufan takarda. Shi ya sa masu lura ba sa son ta wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinta, kuma ba sa yarda a kafa rumfa ko a jibge kaya a jikin shinge a toshe mata iska.

Duk lambobin nan a takarda ɗaya ake tara su, da lambar taransifoma, da kwanan wata, da zafin ranar, da sa hannun wanda ya auna. Mai unguwa ko shugaban kwamiti ba sai ya iya karanta megom ba kafin ya ce, "Injiniya, a ba mu kwafi, a haɗa mana da takardar NEMSA." Da ita za a tunkari ɗan kwangila in ta lalace a cikin wa'adin garanti, lokacin da zai ce ku kuka ƙona ta da yawan kaya. Da ita kuma za a gwama awon baɗi. In a damina aka kafa ta, kwamiti ya rubuta wa kamfani tun yanzu cewa a dawo a sake auna ramin at a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. In lambar ta hau, a ƙara sanduna kafin hadarin farko.